Wa Ke da Ƙasa? Ruɗanin Mallaka a Wasannin Tarihi na Kwamfuta da Abin da Tarihin Kano Ya Nuna

Daga cikin wasannin kwamfuta akwai wani rukuni da ba a cika ganinsa a shagunan buga gem na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a Kano ba, inda ƙwallon ƙafa da tseren mota suka fi cin kasuwa, sai dai a hannun ɗalibai da ma'aikatan da suke da kwamfutar kansu, wato wasannin jan ragamar daula bisa tarihi. A irin wannan wasa ana shimfiɗa wa mutum taswirar duniya kamar yadda take a wata shekara da ta shuɗe, ya zaɓi masarauta ko gidan sarauta guda, sannan ya tafiyar da harajinta da yaƙinta da auratayyarta da huldarta da maƙwabta har na tsawon ƙarnuka. Kamfanin da ya fi shahara da su shi ne Paradox Interactive na birnin Stockholm a ƙasar Suwidin, kuma uku daga cikin wasanninsa sun shafi ƙasar Hausa kai tsaye. A Crusader Kings III, wanda ya fito a 2020, ana iya farawa daga shekarar 867 a matsayin Daurama ta Daura. A Europa Universalis IV na 2013, wanda labarinsa yake farawa daga 1444 ya ƙare a 1821, Kano da Katsina da Zazzau suna cikin ƙasashen da ake iya ja, yayin da Victoria 3 na 2022 yake buɗewa a 1836, lokacin da Daular Sakkwato take kan ganiyarta.

Abin da ya fi ɗaure wa sabon ɗan wasa kai a waɗannan wasanni shi ne tambaya guda mai kama da sauƙi: wannan ƙasar da aka shafa wa launi ɗaya a taswira, ta wace ce? Launin yana sa mutum ya ɗauka cewa duk abin da ke cikin iyakar mallakinsa ne, amma da zarar ya nemi ya gina wani abu a wani gari, ko ya ƙara haraji, ko ya ba wani hadiminsa wurin, sai wasan ya hana shi, domin garin yana hannun wani da ke ƙarƙashinsa, ko kuma wani sarki na nesa yana da haƙƙi a kansa wanda taswirar farko ba ta nuna ba. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin aibin masu tsara wasan, kuma lallai akwai gaskiya a ƙorafin, domin bayanin yakan ɓuya a cikin allunan da sai an tona. Sai dai mai nazarin tarihin Kano zai ga cewa a daidai wannan wuri mai ruɗani ne wasannin suka fi kusantar gaskiya, kuma kuskurensu na ainihi yana wani wuri dabam.

Tsarin Crusader Kings III shi ne ya fi zurfi a wannan fanni. Lokacin da ya fito, ƙasa a cikinsa hawa biyar ce: ƙaramin yanki mai ganuwa ko birni ko wurin ibada, sai gunduma da ta haɗa irin waɗannan yankuna, sai lardi da ya haɗa gundumomi, sai masarauta, sai daula. Kowane hawa sarauta ce mai zaman kanta da mutum yake riƙewa, kuma riƙe sarautar lardi ba ya nufin riƙe gundumomin da ke cikinsa. Akwai iyaka ga yawan wuraren da mai mulki zai riƙe da hannunsa, in ya wuce ta sai harajinsa da mayaƙansa su ragu, saboda haka dole ya raba sauran ga mabiya waɗanda za su riƙa ba shi wani kaso na kuɗi da dakaru bisa yarjejeniya. Bayan wannan kuma akwai taswira ta biyu, wadda wasan yake kira da kalmomin Latin de jure, wato iko bisa ƙa'ida, mai nuna masarautar da kowace gunduma ya kamata ta bi a al'adance ko da yau wani ne yake juya ta. Mabiyin da ke ƙarƙashin wanda ba shi ne ubangidansa na ƙa'ida ba yakan rage biyayya da haraji, shi kuwa ubangidan na ƙa'ida yana da hujjar kai yaƙi don ya karɓo wurin. Idan lardi ya daɗe a hannun wata masarauta, kimanin shekara 100, sai taswirar ƙa'idar ta sauya ta amince da abin da ya riga ya tabbata a aikace. A kan gunduma guda, ke nan, ana iya samun mai riƙe da ita, da ubangidansa na yanzu, da ubangidanta na ƙa'ida, da wani ɗan sarki da ke gudun hijira yana da'awar gadonta, kuma kowannensu wasan ya amince da haƙƙinsa.

Europa Universalis IV ya bi wata hanya. Yana bambanta mai lardi da wanda sojojinsa suka mamaye shi a lokacin yaƙi, yana kuma bambanta lardin da aka ci da wanda aka riga aka mayar cibiya, wato aka shigar da shi cikin jikin ƙasa ta yadda duniya ta yarda nata ne. Tun daga 2020 an ƙara abin da ake kira ƙasar sarauta, wani adadi cikin ɗari da ke nuna rabon sarki idan aka gwada da na sarakuna da malamai da attajirai, amma babu wani fili a taswira da za a nuna a ce ga shi nan, lamba ce kawai da take hawa da sauka, kuma wannan ne ya sa mutane da yawa ba su gane abin da take wakilta ba. Victoria 3 kuwa ya mayar da hankali kan wanda ke cin ribar gona da masana'anta, da dokokin da ke tsara dangantakar manomi da mai ƙasa.

Wanda ya san yadda aka tafiyar da ƙasar Kano a ƙarni na 19 ba zai yi mamakin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Bayan jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804, Kano ta shiga hannun masu jihadi a 1807, kuma Sarkin Musulmi ne yake tabbatar da naɗin sarkinta, ana kai masa gaisuwa Sakkwato, Wazirin Sakkwato yana sa ido a kan al'amuranta. A ƙarƙashin Sarki akwai hakimai, waɗanda mafi yawansu a cikin birni suke zaune kusa da fada, kuma abin da aka ba kowannensu ba yanki ɗaya dunƙulalle ba ne, garuruwa ne a warwatse, wannan a gabas wancan a kudu, ta yadda ƙauyuka biyu maƙwabta za su iya bin hakimai biyu. Jakada, wanda sau da yawa bawa ne ko bara na hakimi, shi ke kai umarni ya karɓo kuɗin ƙasa da sauran haraji, irin su kuɗin rafi na masu noman rani da kuɗin karofi na marina. Wani ikon ma a kan mutane yake ba a kan fili ba, domin jangali yana bin garke duk inda ya yada zango. Ban da wannan Sarki da manyan masu sarauta suna da gandayen kansu da bayi suke nomawa, irin na Fanisau da Ɗorayi da Nasarawa da Gandun Albasa, wanda yanzu unguwa ce a cikin gari ba nisa da Gyaɗi-Gyaɗi. Waɗannan gandaye su ne suka fi kama da abin da mai mulki yake riƙewa da hannunsa a wasan, sauran kuwa iko ne na karɓar haraji da yanke hukunci, ba mallakar gona ba.

Bambanci tsakanin sarauta da ƙasar da aka jingina ta gare ta shi ma tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Sarakunan Katsina na Haɓe da jihadi ya kora sun kafa Maraɗi, kuma har yau sarkin can Sarkin Katsina ake kiransa, kamar yadda gidan sarautar Zazzau na dā ya koma Abuja, wadda aka sauya wa suna zuwa Suleja, yana riƙe da sunan Sarkin Zazzau. A Daura kuwa Turawa sun dawo da tsohon gidan sarauta a 1906, bayan kusan shekara 100 yana waje. Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 ta fito da wannan a fili: Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur Sarkin Kano, Yusufawa masu adawa da naɗin suka fice zuwa Takai suka tara mayaƙa, jagoransu Aliyu Babba ya shiga birni a 1894, daga baya Sakkwato ta amince da abin da takobi ya riga ya yanke. Duk wanda ya taɓa ganin taswirar ƙa'ida tana bin bayan taswirar ƙarfi a kwamfuta ya ga ƙaramin hoton wannan lamari.

Inda wasannin suka gaza shi ne a hawa na ƙasa, hawan da ba su zana ba sam. A cikinsu manomi adadi ne na haraji ko na mayaƙa, alhali a ƙasar Kano yana da haƙƙoƙi sanannu a kan gonarsa, kowanne da sunansa da ƙa'idarsa. Yana gadonta daga mahaifinsa, yana iya ba da aronta, yana iya jinginar da ita ya karɓi kuɗi har sai ya fanshe, yana iya yin kashe-mu-raba da wanda zai noma, kuma a karkarar da ke kewaye da birni, inda mutane suka yi yawa har ba a barin gona ta huta, saye da sayarwa sun daɗe da zama ruwan dare. A cikin gida ɗaya ma akwai gandu da kowa yake nomawa a ƙarƙashin maigida, akwai kuma gayauna da ɗa ko ƙane yake nomawa don kansa. Dagaci ko mai unguwa yana ba baƙo saura ko daji ya sare, yana kuma karɓe gonar wanda ya yi ƙaura ya bar ta, amma ba ya korar mai gona da ke biyan harajinsa ba tare da an kira abin zalunci ba. Malaman jihadi sun san nauyin wannan batu, shi ya sa Abdullahi Ɗanfodiyo ya rubuta littafi na musamman, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum yake samun haƙƙi a kan matacciyar ƙasa, wato wadda ba kowa a kanta. A fikihun Malikiyya akwai ra'ayin cewa ƙasar da aka ci da yaƙi ta zama wakafi ga al'ummar Musulmi, sai dai wannan ƙa'ida ta littafi ba ta hana manoman Kano gado da jingina da ciniki ba.

Turawan mulkin mallaka da suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903 sun zo da irin tambayar sabon ɗan wasa, suna neman mai ƙasa guda ɗaya. Shugabansu Lugard ya yi shelar cewa duk abin da Fulani suka samu ta hanyar yaƙi ya koma hannun Ingila ta hanyar yaƙi. Daga nan aka shiga gyara ƙasar don ta dace da taswira: wajen 1907 zuwa 1908, a zamanin Razdan Cargill, aka harhaɗa garuruwan da ke warwatse suka zama gundumomi dunƙulallu, aka umarci hakimai su bar birni su tare a cikinsu, aka rage ƙarfin jakadu. Gwamna Percy Girouard ya sa aka kafa kwamitin filaye na Nijeriya ta Arewa, wanda ya zauna a Landan a 1908, kuma jami'ai irin su Charles Temple, waɗanda ra'ayin Ba'amurke Henry George ya yi wa tasiri, suka dage cewa ƙasa ta al'umma ce, ba ta wani mutum ba. Sakamakon shi ne dokar 1910 da ta sanya dukkan filayen Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, a riƙe su don amfanin 'yan ƙasa, kowa kuma ya zama mai haƙƙin zama ne kawai. Dole a faɗi alherin wannan doka, domin ta toshe wa kamfanonin Turai hanyar mallake manyan gonaki kamar yadda aka yi a Kenya, kuma lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, ƙananan manoma ne suka noma ta a gonakinsu. Amma ta shafe sunan manomi daga littafin doka, ta bar shi da haƙƙin da kowa a ƙauyensu ya sani, hukuma kuwa ba ta rubuta ba. Masanin tarihi Steven Pierce, wanda ya yi bincike a Ungogo ya wallafa littafinsa a kan manoma da hukuma a Kano a 2005, ya nuna cewa abin da Turawa suka tsara a matsayin dokar filaye ta gargajiya bai yi daidai da yadda manoma suke samun gona ba, domin a wajensu batun yana ɗaure ne da iyali da aiki da haraji.

Wannan tsari ne aka sabunta a dokar filaye ta Jihar Arewa a 1962, sannan gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta shimfiɗa shi a kan Nijeriya baki ɗaya da Dokar Amfani da Ƙasa ta 29 ga Maris, 1978, wadda aka saƙa a cikin tsarin mulki ta yadda gyara ta sai an bi hanyar gyara tsarin mulkin. A ƙarƙashinta dukkan filin da ke cikin jiha yana hannun Gwamna a matsayin amana. Shi ke ba da haƙƙin zama a yankunan da aka ayyana birni, ƙaramar hukuma kuma ta bayar a karkara. Takardar shaidar mallaka da ake nema ido rufe shaida ce ta wannan haƙƙi na zama, yawanci na shekara 99 ga gidan kwana, kuma ba a sayar da shi ko jinginar da shi sai da yardar Gwamna. Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989 cewa sharaɗin yardar ya hau har kan waɗanda suke riƙe da filinsu tun kafin dokar. Gwamna yana iya soke haƙƙin saboda maslahar jama'a, diyyar kuma ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ba ta ƙasar kanta ba. Rushe-rushen da aka yi a Kano a tsakiyar 2023, a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula, sun tunatar da jama'a cewa filin da wata gwamnati ta raba wata tana iya cewa tun farko ba a raba shi bisa ƙa'ida ba.

A Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni duk waɗannan hawa suna nan a jibge, ɗaya a kan ɗaya. Yankin yana wajen ganuwa ne, a bakin titin Zariya, kuma unguwanni irin su Darmanawa da Daurawa da Unguwa Uku gonaki ne da ƙauyuka kafin gari ya cim musu, musamman bayan shirin faɗaɗa Kano na shekara 20 da aka tsara daga 1963 da kuma ƙirƙirar Jihar Kano a 1967. Saboda haka ake samun awon gwamnati, mai tituna a miƙe da lambar fuloti da fayil a ma'aikatar ƙasa, kafaɗa da kafaɗa da awon igiya, inda mai gona ya yanka gonarsa ya sayar, aka rubuta takarda a gaban mai unguwa da shaidu, dillali ya karɓi la'adarsa. Takardar awon igiya tana da ƙarfi a unguwa, domin kowa ya san wanda ya saya da wanda ya sayar, amma banki ba ya karɓar ta a jingina, kuma hukumar tsara birni ba ta ɗauke ta izinin gini ba. Gidan da kaka ya saya ta wannan hanya, ya rasu ba a raba gado ba, yana iya zama yau haƙƙin mutum 20 ko fiye, wasu suna ciki, wasu suna Legas ko Saudiyya, ɗaya daga cikinsu kuma ya sayar da kasonsa ga bare ba da sanin saura ba.

A nan shari'ar Musulunci take shigowa da nata ma'aunai, waɗanda suka fi na kowane wasa laushi. Akwai shufu'a, wato haƙƙin abokin tarayya ya karɓi kason da aka sayar wa bare a kan kuɗin da aka saya. Akwai hauzi, wato idan mutum ya riƙe fili shekara 10 yana aiki da shi kamar nasa, mai da'awa yana gari yana gani bai yi magana ba kuma ba abin da ya hana shi, to ba a sauraron ƙararsa, sai dai tsakanin 'yan'uwa wa'adin ya fi haka tsawo sosai, kuma wanda ya shiga ta hanyar aro ko haya ko jingina ba ya cin moriyar hauzi komai daɗewarsa. Wannan shi ne takwaran shekara 100 ɗin nan na Crusader Kings, amma da sharuɗɗan da suke tambayar yadda aka shiga, da wanda ya gani, da dalilin shirunsa, tambayoyin da kwamfuta ba ta yi, domin ita lokaci kaɗai take ƙirgawa. Rabon gado ma, wanda a wasan yake tarwatsa masarauta tsakanin 'ya'ya har ɗan wasa ya rasa inda ƙasarsa ta shiga, a Kano yana da tarihi mai ciwo da ya shafi mata: a 1923 Sarki Usman ya hana mata gadon gidaje da gonaki, sai a 1954 Sarki Muhammadu Sanusi ya dawo musu da haƙƙinsu. Shekara 31 ke nan da aka raba gidaje da gonaki ba tare da 'ya'ya mata ba, kuma filayen da aka raba a wancan zamani ba su ɓace ba, a kansu aka gina wasu unguwannin da ake zaune a ciki yanzu.

Hatta wurin kai ƙara ya rabu bisa waɗannan hawa. Dokar 1978 ta keɓe wa Babbar Kotun Jiha shari'ar filin da Gwamna ya ba da haƙƙin zama a kansa ko aka ɗauka ya bayar, yayin da rabon gadon Musulmi yake gaban kotunan shari'a, ga kuma sulhun mai unguwa da dagaci da hakimi wanda yawancin rigingimu suke farawa a gabansa, da yawa kuma a nan suke mutuwa. Iyali guda a kan gida guda suna iya samun kansu a wurare ukun a lokaci ɗaya, alƙalin shari'a yana lissafa kason kowane magaji, lauya yana neman fayil a ma'aikatar ƙasa, mai unguwa kuma yana aika a kira dattijon da ya rage cikin waɗanda suka sa hannu ranar da aka ja igiya.